Yadda Ake Girka Manhaja da Kula da Izinin Mai Gudanarwa Bayan An Sabunta Ta a Windows

Abin da ya fi rikita wanda ya fara kula da kwamfuta shi ne manhajar da take aiki lafiya lau, sai aka sabunta ta, daga nan ta ƙi adana aiki, ko ta daina tashi da kanta idan an kunna kwamfuta, ko ta shiga neman izinin mai gudanarwa duk lokacin da aka buɗe ta. Galibi manhajar ba lalacewa ta yi ba. Abin da ya faru shi ne Windows bai ɗaura izinin da ka ba ta a kan sunanta ba, ya ɗaura shi ne a kan adireshin fayil ɗin da ke buɗe ta, ko a kan alamar gajeriyar hanya (shortcut) da kake dannawa, kuma sabuntawa kan canja ɗaya daga cikin biyun nan. Bayanin da ke tafe ya shafi Windows 10 da Windows 11. Na bar sunayen maɓallai da umarni kamar yadda suke bayyana a allo domin ka gane su idan ka gan su.

Abubuwan da za ka tanada

Na farko shi ne asusun mai gudanarwa tare da kalmar sirrinsa. Domin ka san matsayin asusunka, shiga Settings, sannan Accounts, sannan Your info. Idan ka ga an rubuta Administrator a ƙarƙashin sunanka, kana da izinin. Idan kwamfutar ta wurin aiki ce kuma ba a ba ka wannan izini ba, to ka nemi masu kula da kwamfutocin wurin, kada ka nemi hanyar zagaye su.

Na biyu shi ne fayil ɗin girkawa, wanda ka sauko da shi daga shafin kamfanin da ya ƙera manhajar, tare da fayil ɗin tsohon zubi (version) da kake amfani da shi idan kana da shi, saboda komawa baya idan sabon ya ba da matsala. Na uku, filasha ko wani faifai na waje da za ka kwafe ayyukanka a kai. Na huɗu, takarda ko fayil ɗin rubutu da za ka riƙa lissafa duk canjin da ka yi. Wannan na ƙarshe shi mutane suka fi rainawa, amma shi ne zai cece ka bayan watanni, lokacin da ka manta abin da ka taɓa. Akwai kuma wata ƙaramar manhaja ta kyauta daga Microsoft mai suna Process Monitor, wadda za ta yi amfani a mataki na shida, sai dai ba dole ba ce.

Ɗan abin da ya kamata ka sani tukuna

Tun daga Windows Vista, wanda ya fito kasuwa a farkon 2007, akwai tsarin da ake kira UAC. A ƙarƙashinsa, ko da asusunka na mai gudanarwa ne, duk manhajar da ka buɗe tana tashi ne da izinin mai amfani na gama-gari, kuma ba za ta iya rubutu a cikin C:\Program Files ko C:\Windows ko sashen rajista (wato ma'ajiyar saitunan Windows) da ya shafi kwamfuta baki ɗaya ba, sai allo ya dushe an tambaye ka, ka amince. Amincewar ta wannan buɗewar ce kaɗai. Da zarar ka rufe manhajar, izinin ya tafi.

Manhaja kan samu wannan izini ta hanyoyi uku. Ko dai wanda ya ƙera ta ya rubuta a cikinta cewa lallai tana buƙatarsa, ko kai ka sa mata alama a cikin Properties, ko kuma Windows ya yi hasashen cewa fayil ɗin na girkawa ne, abin da yake yi wa tsofaffin fayiloli masu bit 32 da sunansu ya ƙunshi kalmomi irin su setup, install ko update. Hanya ta biyu ce kaɗai ke hannunka, kuma ita ce ke ɓacewa bayan sabuntawa.

Mataki na 1: Tantance fayil ɗin girkawa kafin ka buɗe shi

Ba a taɓa ba fayil izinin mai gudanarwa ba tare da an san daga ina ya fito ba, domin duk abin da ya samu wannan izini zai iya yin komai a kwamfutar, har da kashe manhajar tsaro. Danna fayil ɗin da maɓallin dama, ka zaɓi Properties, ka duba shafin Digital Signatures. A nan za ka ga sunan kamfanin da ya sa wa fayil ɗin hannu. Danna Details ka tabbatar an ce sa hannun yana da kyau. Idan tagar neman izini ta fito daga baya, ya kamata ta nuna wannan suna a gaban Verified publisher. Idan ta ce Unknown, ba lallai ne fayil ɗin ya zama mugu ba, saboda ƙananan masu ƙera manhaja da yawa ba sa sayen takardar sa hannu, amma sai ka ƙara bincike. Idan shafin da ka sauko da shi ya wallafa lambar tantancewa ta SHA256, buɗe Command Prompt ka rubuta:

certutil -hashfile "C:\adireshin\fayil.exe" SHA256

Sai ka gwada lambar da ta fito da wadda aka wallafa. Ko harafi ɗaya ne ya bambanta, goge fayil ɗin ka sake saukowa.

Kuskuren da ake yawan yi a nan shi ne danna tallar da ta fito a saman sakamakon bincike da zaton ita ce shafin kamfanin. Ka rubuta adireshin shafin da hannunka idan ka san shi.

Mataki na 2: Tanadi hanyar komawa baya, ka kuma rubuta yadda abubuwa suke yanzu

Rubuta Create a restore point a wurin bincike na Start, ka buɗe, ka danna Create, ka ba shi suna mai kwanan wata. Idan maɓallin ya ƙi dannuwa, alama ce an kashe kariyar, sai ka shiga Configure ka kunna ta. Ka sani cewa wannan yana adana fayilolin tsarin ne da rajista, ba ya adana takardunka, don haka sai ka kwafe su daban.

Idan sabuntawa za ka yi, ba sabuwar girkawa ba, to kafin ka fara ka rubuta abubuwa uku: cikakken adireshin fayil ɗin da ke buɗe manhajar, lambar zubin da take a kai, da kuma ko tana da alamar izinin mai gudanarwa. Za ka samu adireshin idan ka danna alamarta a Start da maɓallin dama ka zaɓi Open file location, sannan ka duba layin Target a cikin Properties na alamar. Domin ganin duk manhajojin da ka taɓa sa wa alama a lokaci guda, rubuta wannan a Command Prompt:

reg query "HKCU\Software\Microsoft\Windows NT\CurrentVersion\AppCompatFlags\Layers"

Jerin da zai fito yana ɗauke da adireshin kowane fayil, kuma wanda aka rubuta RUNASADMIN a gabansa shi ne mai alamar. Idan ka musanya HKCU da HKLM za ka ga waɗanda aka sa wa alama domin duk masu amfani da kwamfutar. Idan aka ce ba a sami wurin ba, ma'anarsa ba ka taɓa sa wa komai alama ba. Kwafe jerin ka ajiye.

Mataki na 3: Zaɓi inda za a girka ta

Wannan zaɓi ne da ake wuce shi da gaggawa, alhali shi ne ke yanke yadda duk sabuntawar gaba za ta kasance. Masu girkawa da yawa kan tambaya ko domin kai kaɗai za a girka, ko domin duk mai amfani da kwamfutar.

Idan ka zaɓi duk masu amfani, manhajar za ta zauna a C:\Program Files, inda babu mai iya taɓa ta sai da izini. Wannan ya fi tsaro, amma duk sabuntawa za ta nemi izini, sai fa idan manhajar ta zo da nata ɗan aikin bayan fage da ke yin sabuntawar a madadinka, kamar yadda Firefox yake da Mozilla Maintenance Service, Chrome ma yake da nasa. Idan ka zaɓi kai kaɗai, za ta zauna a cikin foldarka ta AppData, ta riƙa sabunta kanta ba tare da ta tambayi kowa ba. Wannan ya fi sauƙi, amma duk wata manhaja da ke aiki da sunanka za ta iya canja fayilolinta.

Ra'ayina a nan ba mai sassauci ba ne: duk manhajar da ka san za ta riƙa aiki da izinin mai gudanarwa, a Program Files za ka girka ta. Manhajar da ke AppData kuma aka ba ta cikakken izini ƙofa ce a buɗe, domin ƙwayar cutar da ba ta da wani izini za ta iya musanya fayil ɗin da nata, kai kuma ka danna Yes da hannunka kana zaton manhajarka ce.

Akwai wani tarko ga masu asusun gama-gari. Idan ka buɗe fayil ɗin girkawa, aka nemi kalmar sirri, wani ya shigar da ta asusunsa na mai gudanarwa, to girkawar tana gudana ne da sunan wancan asusu. Idan manhajar irin ta mutum ɗaya ce, za ta sauka a AppData ɗinsa, kai kuma ka neme ta a Start ka rasa. Irin wannan manhaja, ka buɗe fayil ɗinta ta hanyar da aka saba, kada ka zaɓi Run as administrator.

Mataki na 4: Girka ko sabunta

Rufe manhajar gaba ɗaya, har da alamarta da ke ɓoye kusa da agogo, sannan ka danna fayil ɗin sau biyu kamar yadda aka saba. Ka bar shi ya nemi izini da kansa idan yana buƙata. Sai idan ya kasa ne za ka sake buɗe shi da Run as administrator.

Fayil mai ƙarshen .msi ba shi da wannan zaɓi a jerin maɓallin dama, domin shi da kansa yake neman izini a tsakiyar aiki. Idan ya kasa, rubuta cmd a Start, ka danna Ctrl da Shift da Enter tare domin ya buɗe da izini, sannan ka rubuta:

msiexec /i "C:\adireshin\manhaja.msi" /l*v "C:\adireshin\rahoto.txt"

Wannan zai girka, ya kuma rubuta duk abin da ya faru a cikin fayil ɗin rahoton. Idan an kasa, buɗe rahoton ka nemi jimlar Return value 3. Layukan da ke samanta su ne ke faɗin dalili. Lambobin kuskure kaɗan ne ke yawan maimaituwa. Lamba 740 tana nufin aikin na buƙatar izinin mai gudanarwa. Lamba 5, ko 0x80070005, an hana shiga wani wuri. Lamba 1925, ba ka da isasshen izinin girkawa domin duk masu amfani. Lamba 1618, akwai wata girkawa da ba ta ƙare ba, sai ka jira ko ka sake kunna kwamfuta. Ita kuwa 1603 ba ta faɗin komai face an gamu da babbar matsala, shi ya sa rahoton yake da amfani.

Idan sabuntawa ce, ka kula ta bi sawun tsohuwar girkawa. Wanda ya girka domin kowa, sannan ya sabunta domin shi kaɗai, zai tashi da manhaja biyu a kwamfuta ɗaya, tsohuwar alama tana buɗe tsohuwa, sabuwar tana buɗe sabuwa, kowacce da nata saituna. Duba jerin manhajoji a Settings, sashen Apps. Idan sunan ya fito sau biyu, cire ɗaya.

Mai son aiki da umarni zai iya amfani da winget, wanda Microsoft ya fitar da cikakken zubinsa na farko a 2021. Umarnin winget upgrade yana nuna abin da ke jiran sabuntawa, winget upgrade --all kuma yana sabunta su duka. Idan ka gudanar da shi a taga mai izinin mai gudanarwa, ba za a sake tambayarka a kan kowace manhaja ba, saboda haka ka karanta jerin da kyau kafin ka ba da umarnin.

Mataki na 5: Bincika abin da sabuntawar ta canja

Buɗe manhajar ta hanyar da ka saba. Sannan ka buɗe Task Manager, ka shiga shafin Details, ka danna kan layin sunayen ginshiƙai da maɓallin dama, ka zaɓi Select columns, ka sa alama a Elevated. Yanzu za ka ga Yes a gaban duk manhajar da ke aiki da izinin mai gudanarwa, No a gaban sauran. Wannan ya fi zato. Daga nan danna sunan manhajar da maɓallin dama ka zaɓi Open file location, ka gwada adireshin da wanda ka rubuta a mataki na biyu.

Abu ɗaya cikin uku za ka tarar. Na farko, adireshin ya canja. Wasu manhajoji, irin su Discord da GitHub Desktop, suna ƙirƙirar sabuwar folda ga kowane zubi, mai suna da ya fara da app- sannan lambar zubin. Wasu kuma kan ƙaura daga foldar Program Files ta manhajoji masu bit 32 zuwa ta masu bit 64. Tunda alamar da ka sa a shafin Compatibility an rubuta ta ne da cikakken adireshin tsohon fayil, ta zama kamar wasiƙar da aka aika tsohon gida bayan mai gidan ya tashi. Na biyu, adireshin yana nan, amma mai girkawa ya goge alamar gajeriyar hanya ya ajiye sabuwa. Idan a cikin alamar ka sa izinin, ya tafi tare da ita. Na uku, babu abin da ya canja a wajenka, sai dai masu manhajar ne suka canja buƙatarta, ta koma neman izini da kanta, ko ta daina nema.

Ka tuna kuma ba izinin mai gudanarwa kaɗai ke ɗaure da adireshi ba. Ƙa'idojin Windows Defender Firewall da ayyukan da aka tsara a Task Scheduler su ma da adireshin fayil suke aiki. Manhajar da ta daina ganin sauran kwamfutoci bayan sabuntawa, a can za ka fara dubawa.

Mataki na 6: Kafin ka mayar da izinin, tabbatar tana buƙatarsa

A nan nake so mai koyo ya ɗan dakata, domin yawancin manhajojin da ake buɗewa da cikakken izini ba sa buƙatarsa. Wata tsohuwar matsala ce ta sa aka sa musu alamar, aka manta, kuma mai yiwuwa sabon zubin ya riga ya gyara matsalar. Gwada aiki da manhajar ba tare da izinin ba: buɗe fayil, adana, buga takarda, canja saiti, rufe ka sake buɗewa ka ga ko saitin ya zauna. Idan komai ya tafi daidai, ka bar ta haka.

Cikakken izini yana da nasa illoli da ake gani kullum. Ba za ka iya jan fayil daga File Explorer ka jefa a tagar manhajar da ke da izinin ba, saboda Windows yana hana taga mai ƙaramin izini aika saƙo ga mai babba. Faifan sadarwa da ka ba harafi, irin Z:, kan ɓace a idon manhajar. Duk abin da ta buɗe daga cikinta, ko shafin intanet ne ko wata manhaja, yana iya gadon izinin. Haka nan idan ka sa ta a foldar Startup, Windows ba zai tashe ta ba lokacin shiga.

Manhajojin da buƙatarsu ta gaskiya ce su ne masu raba faifai, masu girka direbobin na'ura, masu sarrafa ayyukan bayan fage, da masu canja saitunan sadarwa. Sauran galibi wuri ɗaya ne kawai suke son rubutu a cikinsa aka hana su. Domin gano wurin, buɗe Process Monitor, ka tace da sunan manhajar, ka ƙara tacewa da Result ya zama ACCESS DENIED, sannan ka maimaita aikin da ke kasawa. Adireshin da aka hana zai bayyana. Idan foldar bayanai ce, misali a ƙarƙashin C:\ProgramData, shiga Properties ɗinta, shafin Security, danna Edit, ka ba asusunka izinin Modify a kan wannan folda kaɗai. Kada ka yi haka ga foldar da fayil ɗin .exe yake ciki, kada kuma ka yi wa Program Files gaba ɗayanta. Idan ba ka da Process Monitor, duba saitunan manhajar ko akwai wurin canja inda take ajiye bayanai, ka mayar da shi cikin Documents. Sau da yawa wannan kaɗai ya isa.

Wani abu da ke tayar wa mutane hankali shi ne ɓacewar bayanai. Tsohuwar manhaja mai bit 32 idan ta yi ƙoƙarin rubutu a Program Files ba tare da izini ba, Windows yakan karkatar da rubutun a ɓoye zuwa foldar VirtualStore da ke cikin AppData\Local. Ranar da ka buɗe ta da izinin mai gudanarwa, ko aka sabunta ta zuwa zubin da ba a yi masa wannan karkatarwa, sai ta koma duba ainihin wurin, ta tarar babu komai. Bayanan suna nan. Rubuta %LOCALAPPDATA%\VirtualStore a layin adireshi na File Explorer, ka nemi foldar manhajar, ka kwafe fayilolin zuwa inda take dubawa yanzu.

Mataki na 7: Mayar da izinin ta hanyar da ta dace

Idan ta tabbata tana buƙata, akwai hanyoyi huɗu, kuma ka fara da mafi ƙanƙanta.

Idan jefi-jefi ne take buƙata, kada ka sa alamar dindindin. Danna ta da maɓallin dama ka zaɓi Run as administrator a ranar da ake buƙata. Wannan hanya babu sabuntawar da za ta ɓata ta.

Idan adireshinta ba ya canjawa, je ainihin fayil ɗin .exe, ka shiga Properties, shafin Compatibility, ka sa alama a Run this program as an administrator. Idan kana so ya shafi kowa, danna Change settings for all users ka sa a can. Muddin sabon fayil ya sauka a wuri ɗaya da suna ɗaya, alamar za ta ci gaba da aiki ko sau nawa aka sabunta.

Idan mai girkawa ne ke goge alamar gajeriyar hanya, ƙirƙiri taka da kanka, ka ba ta suna daban da wanda mai girkawa yake amfani da shi, ka ajiye ta a wata folda taka. Shiga Properties ɗinta, shafin Shortcut, danna Advanced, ka sa alama a Run as administrator. Amfanin wannan shi ne kana da alama biyu, ɗaya ta aikin yau da kullum, ɗaya ta ranar da ake buƙatar izini. Ga manhajar da foldarta ke canja lamba, duba ko a foldar da ke sama akwai wani fayil mai tsayayyen adireshi wanda shi ke tashe sabon zubi, ka nuna alamarka gare shi. Idan babu, to babu makawa sai ka riƙa gyara layin Target bayan kowace sabuntawa, ko ka duba ko kamfanin yana da wani fayil ɗin girkawa na .msi da ke sauka a Program Files.

Hanya ta huɗu ta manhajar da dole ta tashi da izini da zarar ka shiga kwamfuta ce. Buɗe Task Scheduler ka zaɓi Create Task, ba Create Basic Task ba. Ba aikin suna, ka sa alama a Run with highest privileges, ka bar zaɓin Run only when user is logged on yadda yake, in ba haka ba manhajar za ta tashi amma ba za ka ga tagarta ba. A shafin Triggers zaɓi At log on, a shafin Actions kuma ka nuna fayil ɗin. A shafin Conditions cire alamar da ke cewa sai kwamfuta na jone da wuta, a shafin Settings kuma ka cire wadda ke tsayar da aikin bayan kwana 3. Idan kana son buɗe ta da hannu ma, ƙirƙiri gajeriyar hanya mai ɗauke da umarnin schtasks /run /tn "SunanAikin". Wannan hanya ba ta tambayarka izini ko kaɗan, shi ya sa ba a yin ta sai ga fayil ɗin da ke Program Files, kuma ba ta aiki sai asusunka na cikin masu gudanarwa. Bayan kowace sabuntawa, buɗe shafin Actions ka tabbatar adireshin yana nan.

Yawancin manhajojin Microsoft Store ba su shiga wannan lissafi ba. Suna zaune a wata folda mai kariya da ake kira WindowsApps, suna sabunta kansu ba tare da neman izini ba. Kada ka ƙwace mallakar wannan folda domin ka sa wata alama, yin haka kan hana manhajojin buɗewa.

Mataki na 8: Idan matsalar akasin haka ce

Wani lokaci bayan sabuntawa manhajar ce ke neman izinin da ba ka so ka ba ta. Fara duba wurare ukun da alama ke ɓoyewa: shafin Compatibility naka, na duk masu amfani, da Advanced na gajeriyar hanya. Idan duk babu alama, buƙatar tana cikin manhajar ne. Za ka iya gwada ta ba tare da izinin ba idan ka buɗe Command Prompt na gama-gari ka rubuta set __COMPAT_LAYER=RunAsInvoker, sannan ka buɗe manhajar daga wannan taga ta hanyar rubuta adireshinta. Wannan ba ya ƙara mata wani iko, yana hana tambayar ne kawai, don haka duk aikin da ke buƙatar izini na gaske zai kasa. Idan ta yi aiki daidai, ka samu mafita. Idan ta kasa, sai ka zaɓa tsakanin ba ta izinin ko komawa tsohon zubin da ka ajiye.

Abin da ba zan taɓa ba da shawararsa ba shi ne sauke ma'aunin UAC zuwa Never notify saboda tambayar ta dame ka. Ma'aunin yana da matakai huɗu, kuma Windows yana zuwa ne a na biyu daga sama. Ka bar shi a nan, ko ka ɗaga shi sama. Wanda ya sauke shi ƙasa ya ba duk manhajar da ta nemi izini damar samu ba tare da ya sani ba, saboda manhaja ɗaya tak da ta dame shi.

Mataki na 9: Share tsofaffin alamu ka sabunta lissafinka

Sake gudanar da umarnin reg query na mataki na biyu. Duk layin da ke nuna adireshin da babu shi yanzu, saura ne na tsohon zubi. Ba ya rage saurin kwamfuta, amma barinsa na rikita bincike, kuma duk fayil ɗin da ya sake sauka a wannan adireshi da wannan suna zai gaji alamar. Buɗe regedit, wato manhajar gyara rajista, ka je adireshin da ke cikin wancan umarni, ka danna Layers da maɓallin dama ka zaɓi Export domin ka ajiye kwafi, sannan ka goge layin da ya mutu shi kaɗai. Haka za ka yi da ayyukan Task Scheduler da ƙa'idojin Firewall masu nuna tsohon adireshi. Amma kada sharar ta kai ka foldar C:\Windows\Installer; komai girmanta, a cikinta Windows ke ajiye abin da yake buƙata domin gyara, sabuntawa da cire manhajojin .msi, kuma goge ta kan sa sabuntawa ta gaba ta tsaya tana neman fayil ɗin da babu.

Daga ƙarshe, sake kunna kwamfutar, ka buɗe manhajar, ka duba ginshiƙin Elevated a Task Manager ka tabbatar ya nuna abin da kake so. Sannan ka rubuta a takardarka kwanan wata, lambar sabon zubi, sabon adireshi, hanyar da ka bi wajen ba da izinin, da dalilin da ya sa ka ba da shi, domin a sabuntawa ta gaba daga wannan dalili za ka fara gwajin mataki na shida.